Filtar da Aka Cire wa Motar Malam Mudi

Bakanike ya cire wa motar Malam Mudi filtar mai, ya haɗa tiyo kai tsaye, bai gaya masa ba. Shekara ashirin Mudi yana kai masarar manoman Ƙarfi kasuwar Funtua a tsohuwar a-kori-kurarsa. Yanzu da ta ɗauki hanya sai ta shaƙe ta mutu. Aka canja fulogi, aka zargi tsufa, manoma suka koma wa wani direba. Da Mudi ya kwance kafireto da kansa, tsatsar tanki ya tarar cunkushe a ciki.

"Ai tsohuwar mota ba ruwanta da filta, Malam," in ji bakaniken, ko kunya babu.

To shugabannin gareji, ku tasa ƙeyarsa ya bi manoman nan gida-gida, ya faɗa musu laifin wane ne.