Wardin da Athol Febey Ya Gada

Athol Febey ya yi shekara arba'in da ɗoriya tare da matarsa Noelene, ban taɓa ganin ya sunkuya ya cire mata ciyawa ɗaya a lambu ba. Ban ce ban ruwa ba, don a garinmu Zeehan sama ta ɗauke mana wannan aikin. Garin da za ki shanya wando ranar Litinin, ki kwashe shi ranar Asabar ya fi yadda kika shanya shi jiƙewa. Shingen katako ne kawai tsakanin gidana da nasu, kuma ni Glenys ba a taɓa zargina da kau da kai ba, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gan shi.

A ramin haƙar ma'adinai ya ƙare ƙarfinsa, kamar ubansa. Ya shiga da duhu, ya fito da duhu, ya biya mashaya ya wanke maƙogwaro, ya iso gida ya tarar da dankali da naman tunkiya a rufe cikin tanda. Ba ya duka, ba ya zagi, albashi yana kawowa. A garinmu wannan ya isa a kira mutum mijin kirki. Magana ce kawai ba ya yi. Noelene ta taɓa ce mini, "Glenys, in na mutu a kujerar nan, sai yunwa ta kama shi zai lura."

Na ce, "To ki bari sai ya ci na dare, ki samu hutu har safe."

Ita kuwa abin da ta sa a gaba wardi ne, guda ɗaya tak. Kowa ya ce mata wardi ba ya yi a nan: danshi yana sa wa ganye baƙin tabo, furen ya ruɓe tun bai buɗe ba. Ta yi kunnen uwar shegu, ta je birnin Burnie ta sayo irin da masu gandun shuka ke kira floribunda, mai fitar da fure gungu-gungu, launin ruwan ƙwai da ɗan ja-ja a ciki. Ta dasa shi arewa da ɗaki, jikin tubalin murhu, inda 'yar ranar da muke samu ke sauka. Kullum da safe tana can cikin rigar ruwa da almakashi. Ganyen da ya yi tabo ta tsinke ta jefa a wuta, ba ta barin ko ɗaya a ƙasa. Tsakiyar itacen ta rage masa rassa don iska ta ratsa. Gungun da ya yi yaushi ta datse shi nan take, don in an datse sai wani ya fito. Haka yake fure daga Nuwamba, ya huta, ya sake, ya sake, har sanyin Mayu, mafarin hunturu a wajenmu, ya tsayar da shi. Masu wucewa kan tsayar da mota su kalla. Athol kuwa "ƙayar Noelene" yake ce masa, shi ma sai in ta kama masa hannun riga.

Ciwon daji ya ɗauke ta cikin hunturu. Aka ƙona gawar a Burnie, aka ba shi tokar a ɗan akwati. Mu nan da yawa ƙarƙashin wardi muke sa tokar mamatanmu, ba sabon abu ba ne. Sai dai ana barbaɗa kaɗan ne a nesa da gindi, sauran a kai teku ko daji. Na leƙa na ga Athol ya haƙa rami dab da saiwa, yana shirin juye akwatin gaba ɗaya.

Na ce, "Kai, tsoho, tsaya! Tokar mutum gishiri ce, za ta ƙone saiwar. Barbaɗa kaɗan."

Ya ce, "Ba zan raba ta kashi-kashi ba."

"Da tana da rai ko kofin shayi ba ka taɓa haɗa mata ba, yau kuma kai ne mai tattalinta?"

Ya juye, ya rufe, ya taka da takalmin aikinsa.

A shekarar itacen ya yi ta zubar da ganye, rassa suka yi baƙi ɗaya bayan ɗaya. Athol ya daina zuwa mashaya. Mutumin da bai san inda cebur yake ba ya koma sayen taki buhu-buhu, ya kewaye wurin da raga don kada fosam, 'yan dabbobin nan masu hawa bishiya da dare, su cinye toho. Sai ga wasu dogayen rassa sun ɓullo daga cikin ƙasa, kore shar, masu ƙarfi, suna neman kai wa taga. A tsakiyarsu kuma reshe ɗaya siriri na tsohon itacen, duk tabo, yana ta fama.

Duk wanda ya taɓa riƙe wardi ya san ɗan aure ne, kamar itacen tuffa. Saiwar ta wardin daji ce mai taurin rai, na kirkin a kanta ake ɗaura shi. Abin da ya fito daga ƙasa da ɗaurin na daji ne, fizge shi ake yi.

Da watan Agusta ya zagayo, lokacin yi wa wardi aski, na gan shi da almakashin Noelene.

"Athol, wanne za ka yanke?"

"Mai ciwon. Des, abokina na mashaya, ya ce a cire raunana, a bar masu ƙarfi."

"Des da ko kabeji bai taɓa rayawa ba? Mai ciwon nan shi kaɗai ne na Noelene. Waɗannan ƙattin 'yan cin arziki ne. Su za ka fizge."

"Ke dai ba kya son ganin abu ya yi kyau a hannuna."

"Ni? Ina ruwana da hannunka? Idonka nake tausaya wa, ya daɗe a rami."

Ya dube ni, ya sa almakashi can ƙasa, ƙat.

A Nuwamba itacen ya cika da fure, ƙanana, ja mai duhu kamar busasshen jini. Ya kira ni da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

"Kin gani? Ya tashi."

"Launin fa?"

"Ita ce ta canza shi. Tana ciki ai."

Na buɗe baki, na rufe. Ku rubuta wannan, don ba ya yawan faruwa.

Ya datse busassun gungu yadda ya ga tana yi, ya zauna jiran na biyu. Wardin daji kuwa sau ɗaya yake fure a shekara, ko za ka shayar da shi madara. Fabrairu ta wuce, Maris, Afrilu, ganye kawai. Wata shekarar ma haka, da wadda ta biyo. Kuma a nan ne bakin Athol ya buɗe. Kullum da safe ya fito da kujera da kofin shayi, ya zauna cikin yayyafi yana ba itacen labari: wa ya ci ƙwallo, wa ya mutu, gwiwarsa ta dama, rufin da ke yoyo. Maganar da matar nan ta yi shekara arba'in tana jira, ya kwashe ta tas ya zuba wa saiwar daji. Wata safiya na ji ya ce, "Noel, in kin daina fushi ki yi na biyun. Ko gungu ɗaya."

Ƙurar rami ta riga ta ci masa huhu, danshin garin kuma yana ƙarasa shi. 'Yarsu Kerryn ta yi ta zarya daga Burnie, tana roƙo ya koma wajenta.

"Baba, ɗaki yana nan, da na'urar ɗumama ɗaki, asibiti ga shi kusa."

"Sai ta yi na biyu."

Ta zo wurina tana kuka. "Anti Glenys, ki yi masa magana."

"Na yi, 'yar nan. Ubanki kunnensa na ado ne."

A ƙarshen wani Afrilu, shi da kansa ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, yana numfashi kamar tsohuwar mota a hawa.

"Zo ki nuna mini abin da kike ta faɗa."

Na ɗauki ƙaramin cebur, na durƙusa da ƙyar, na tone gindin. Ga kullin ɗaurin nan, baƙi, ya ruɓe, da guntun reshen da ya yanke a kansa. Na taɓa shi ya marmashe a yatsana. Duk manyan rassan daga ƙasa da shi suka fito. Na matsa ya gani.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka ji maganar Des."

"To da wa nake magana duk shekarun nan?"

Ina da amsoshi kusan biyar a bakina, kowacce ta fi 'yar'uwarta kaifi. Na ce, "Taimaka mini in tashi, gwiwata ta riƙe."

Kerryn, yarinyar kirki, ta yi yawo gandu-gandu har ta samo irin na uwarta sak, a tukunya, da toho a kai. Ta ajiye masa a baranda. Cikin sati ya buɗe, ruwan ƙwai da ja-ja, kamar an dawo da shi daga da. Athol ya dube shi sau ɗaya ya ce, "Wannan bai san ni ba." Bai dasa shi ba.

Ranar tafiya ana ruwa, kamar kullum. An gama loda kayansa, yana zaune a gaban mota da bargo a cinya. Kerryn ta fito da gwangwanin biskit da cokali.

"Baba, in ɗebo ƙasar wurin kaɗan mu tafi da ita?"

Bai ko juya ya kalli lambun ba.

"Bar ta," ya ce. "Ta gaji da surutuna."

Bai kai bazara ba. Ya bar wa Kerryn wasiyya a zuba tokarsa a teku, can nesa da gaɓa, kuma haka aka yi.