Awon Tabo a Ɗakin Suna

A Zangon Sokode, da tabo mu mata muke auna likita. Ranar suna, in an gama rabon tuwo, sai a shige ƙuryar ɗaki, waɗanda aka yi wa aikin mahaifa su sassauta zane, ana duba ciki kamar masu tayin atamfa. Likitan garinmu dogon yanka yake yi, daga cibiya har mara, ga shi da jinkirin warkewa. Yankan likitan garin Dapaong kuwa, can arewa kusa da iyaka, ɗan siririn layi ne a kwance, kafin a ankara mace ta koma kan tukunyar kokonta. Kullum shi ke cin gasar. Ba wadda ta taɓa tambayar ina waɗanda ba su dawo sun nuna nasu ba.

Yayata, wadda ta raine ni bayan rasuwar innarmu, ƙari ya fito mata a mahaifa a shekarar dogon yajin aiki, lokacin da ƙasa ta rikice kan neman zaɓe. Jini take zubarwa har tafin hannunta ya yi fari fat. Likitan garinmu bai daina zuwa asibiti ba, ya ce a kawo ta ba tare da ɓata lokaci ba.

Na ce, "Yaya, don Allah ki bari ya yi miki."

Ta ce, "Ke yarinya ce. Dokotoron nan ya farke ni kamar ragon layya? Hanya ta buɗe mu tafi Dapaong."

Matan unguwa suka yi caa suna taya ta. Har yau ina jin haushinsu, kuma har yau ina gaishe su.

Hanya ba ta buɗe da wuri ba. Babu mai, babu mota. Daga ƙarshe wani direban motar shanu, mutumin Nijar, ya ɗauke mu. Shinge bayan shinge ana sauke mu ana bincike, ita tana jingine da kafaɗata. Da muka isa, aka ce likitan ya tsallaka iyaka da iyalinsa saboda rikicin. Ɗakin tiyata a kulle yake, ita kuma ba ta da ƙarfin komawa. A gidan 'yan'uwan direban ta cika washegari da hantsi.

Ni da wata tsohuwar gidan muka yi mata wanka. Da na zuba ruwa a kan cikinta sai hannuna ya tsaya, kuka ya ƙwace mini. Fata sumul, ko ƙwarzane babu. Da a ɗakin suna ne, ba wadda za ta kamo ƙafarta.