Kabarin da Ya Tare Hanyar Kurmi: Ta'aziyyar Alhaji Iliassou

Ranar Laraba, 14 ga Maris 1979, ina tsakiyar darasi a Parakou aka leƙo aji aka ce Alhaji Iliassou na Djougou ya rasu. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na ƙarasa darasin, domin ba kowa nake so ya ga fuskata ba.

Baba Alhaji, jikan fataken goro ne kai, mai kamiyo, babbar motar kaya, ba ka da wani dalili na damuwa da birai. Amma kurmin nan na bayan Onklou, inda kakanninka ke yada zango, ka ɗauke shi kamar gidanku. Kai ka tara mu, direbobi, manoma, maharban da ka lallasa suka rataye bindiga, da ni malamar kimiyya, muka kafa ƙungiyar kare kurmi da namun daji. Da gwamnati ta ce ba a yarda da ƙungiyar da ba ta juyin juya hali ba, ka ce, "To, a ƙara mata juyin juya halin a suna. Biran ba za su ƙi ba."

Na tuna ranar da ka tsayar da kamiyo cike da doya don wata gada da tarko ya kama. Ka yage rawaninka ka ɗaure mata ƙafa, muka isa Kolokondé kanka ba komai, mutane na kallo.

Ka sha daga ɓangare biyu. A masallaci wasu suka ce Alhaji na gadin matsafa. A kwamitin juyin juya hali kuma aka ce kurmin sheƙar duhun kai ne, dole a sare shi don ci gaban jama'a. Abin mamaki, duhun kan duk a jikin manyan maɗatai da kawo yake, waɗanda ke yin katako mai kyau. Sau biyu aka kira ka ofis. Na biyun ka dawo ba ka ƙara miƙewa sosai ba. Na tambaye ka, ka ce, "'Yata, tsufa ne." Ni ma tsufa na rubuta a nan.

An sa ranar shigar masu zarto kafin damina. Hanya ɗaya ce ke shiga kurmin, tsakanin dutse da rafi. Kana kwance ka kira ƙanenka Mounkaila ka ce, "A nan za ku sa ni. A tsakiya, ba a gefe ba." Ya ce, "Yaya, mutane za su yi magana." Ka ce, "Su yi. Ba zan ji ba."

Haka aka yi. Waɗanda suka zarge ka da tsafi su ma sun bi sahu sun yi maka salla a wurin.

Shekaranjiya motocin masu zarto suka zo. Direban gaba, yaron motarka ne a da, ya sauko ya yi maka addu'a, ya ce motarsa ta lalace. An ce za su dawo da wasu direbobi. An kuma ce ana tambayar sunayen 'yan ƙungiya. Nawa yana ƙasan wannan rubutu, kada kowa ya wahala.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sanya ka a inuwar da ba a sarewa. Hajiya Zouéra, Kadidjatou, Baba Mounkaila da sauran iyalin Alhaji, Allah ya ba ku haƙuri. Mu kuma ya ba mu ƙarfin tsayawa inda ka kwanta.

Hamsatou Sanoussi
Titirou, Parakou