Ƙarshen Fim a Bakin Baballe

Baballe manomin rani ne a wani ƙaramin gari tsakanin Kura da Bunkure. A ƙuruciyarsa shi ke karɓar tikiti a ƙofar silimar Alhaji Salim, wani fili mai katanga ba rufi, wanda yanzu buhunan shinkafa suka cika. Amma bai taɓa ganin ƙarshen fim ba. Da an kai rabi sai ya saɓa fartanya ya nufi gona, don a lokacin ne layin ban ruwa ke zuwa kan tumatirinsa, kuma wanda ya makara, maƙwabci ya janye ruwan.

Matar aure ba ta shiga silima. Sau ɗaya matarsa Talatu ta roƙe shi, tana amarya, ya kai ta ko leƙe ne ta ƙofar baya. Ya ce, "Me za a ce da ni a gari?" Ba ta sake tayar da zancen ba. Sai ya zama kullum da safe tana dama koko, yana ba ta labarin fim ɗin jiya. Inda idonsa ya tsaya, bakinsa ya ɗora. A wurinsa jarumi ba ya mutuwa, kowane fim da biki yake ƙarewa.

Yanzu cutar yanar ido ta rufe idon Talatu, ba ta ganin komai sai hazo. Ran nan da la'asar jikarsu Yusra ta zo daga Kumbotso da waya a hannu.

"Angona, ga fim ɗin mai jirgin ƙasan nan da Inna ke yawan faɗa. Ya tsufa kamar ka, ko fassara babu."

Talatu ta gyara zama a tabarma. "Malam, ka riƙa gaya mini. Bikin nake jira."

Baballe ya karɓi wayar. Har rabi bakinsa bai yi tuntuɓe ba. Daga nan ya shiga abin da bai sani ba. Aka harbi saurayin a bakin tasha, ya faɗi, bai tashi ba. Baballe ya dubi matarsa, ta karkato kunne tana murmushi. Lokacin da take da idon gani shi ya hana ta, yau ga fim har tsakar gida, sai abin da ya ce da ita.

Talatu ta ce, "Ka yi shiru. An ɗaura auren ne?"

Yusra ta ƙifta masa ido, wai ya ce eh.

"Talatu," ya ce, "ni ban taɓa kaiwa nan ba. Gona nake tafiya."

Murmushin ya tafi.

"To ai yanzu kana gani. Me ya faru?"

"Ya mutu."

"Allah sarki." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ita yarinyar fa?"

Baballe ya matso da wayar kusa da fuskarsa. "Tana tsaye. Ba ta sani ba tukuna."