Goggon Jimina, Wadda Ta Koya wa Dogo Ya Manta da Ita

Kafin a buɗe ƙofar gidan namun daji, Goggon Jimina ta riga ta duƙa a gefen shinge tana tsintar marfin kwalba da ƙusa da tsabar ɗan kunne. Jimina ba ta da wayon barin abu mai ƙyalli, haɗiyewa take yi. Sai Goggo ta watsa wa jiminun tsakuwa mai tsabta, don tsuntsun ba shi da haƙori, da tsakuwa yake niƙa abinci a cikinsa. A wannan mako take ajiye aiki, kuma wallahi ba zan bari ta tafi shiru ba.

Ita ta raini Dogo, babban namijin garken, tun yana ƙwai. Uwarsa ta mutu, Goggo ta riƙa juya ƙwan da hannunta har ya ƙyanƙyashe. Da yatsa ta koya masa cin abinci, tana ƙwanƙwasa faranti yana kwaikwayo.

Matsala ta zo da ya girma. Wuyansa da ƙwaurinsa suka yi ja, alamar yana neman aure, aka kawo masa mace mai suna Toka. Ko kallo ba ta ishe shi ba! Da ya hango Goggo sai ya durƙusa, ya baza fukafukai, ya riƙa kaɗa wuya hagu da dama. Rawar neman aure ke nan, kuma ita yake yi wa.

"Goggo, ango ya iso!" in ji mai gadi, yana riƙe ciki don dariya.

"Rufa mini asiri, ɗan nan. Jikoki gare ni."

Dariyar ba ta daɗe ba. Duk ƙwan da Toka ta saka bara-gurbi ne. Shugaban gidan ya ce namijin da ba ya haihuwa ba shi da wuri a nan: in wannan karon ma babu 'ya'ya, Dogo sai mahauta.

Likitan dabbobi ne ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ya ce da ita, "Goggo, shi fa gani yake irinku ɗaya."

Ta ce, "To, ya daina ganina."

Ta kewaye shingen da tabarmi. Abinci da doguwar sanda take tura masa ta ƙasa, ko tari ba ta yi don kada ya ji muryarta. Dogo ya yi ta sintiri yana kumbura wuya yana gurnani. Mai gadi ya rantse ya sha ganin ta zaune a bayan tabarma tana share hawaye da bakin gyale.

Goggo, ke ce uwar da ta iya ja da baya. Ke kika ba shi abinci, ke kuma kika hana kanki ko shafa masa wuya.

Wata safiya ta leƙa ta ɓular tabarma, sai ga Dogo durƙushe yana rawa a gaban Toka. Ta toshe baki da hannu don kada guɗa ta kuɓuce mata. Ya tona gurbi a ƙasa, Toka na kwanci da rana, shi yana karɓarta da yamma. Da 'ya'yan suka fito, sai da shugaban da kansa ya zo yana ƙirgawa yana washe baki.

Shekaru sun wuce ba ta sake tsayawa a gabansa ba. Jiya ta ce za ta yi masa sallama. Ta tsaya a bakin shinge ta kira shi. Dogo ya ɗago kai, ya shiga tsakaninta da sababbin 'ya'yansa, ya buɗe baki ya yi mata huci kamar yadda yake yi wa kowane baƙo.

Mu da ke tsaye a wurin tausayinta ya kama mu. Ita kuwa sai ta tafa hannu.

"Kun gani? Bai san ni ba! Alhamdulillahi, yarona ya zama uba."

Mun gode, Goggo, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Mu kuma masu raino, na gida da na wurin aiki, mu koyi wannan daga gare ta: in lokacin saki ya yi, a saki da murna, ko da ido yana zubar da hawaye.