Gadon Lilon Taubashina

A shekarun da nake bin motar yayana zuwa iyakar Benin, direbanmu ɗan kawuna ne, wato taubashina. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma wasan taubasai bai san girma ba. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, don haka tun ina ƙarami yake kirana bawansa, ni kuma ina ce masa ragon direba. Daga Bagudo har Tsamiya bakinmu ba ya hutawa. Ya kushe hancina, in kushe tuƙinsa. Aikina kula da buhunan da muka ɗauko, albasa ko masara. Nasa sitiyari.

Wanda bai san hanyar ba yana zaton tafiyar ce wahala. Jiran ne wahala. Motoci su jeru a fili ana duba takardu, rana ta take, ga ƙasa ta yi zafi, ba wata inuwar kirki sai wadda mota ta bayar. In damina ce kuma ƙarƙashin motar ya zama taɓo, ba inda za ka shimfiɗa tabarma.

Shi ya sa taubashina ba ya rabuwa da gadon lilonsa. Wani kore yadi ne mai santsi irin na lema, da igiya a kowane baki, ya saye shi a gwanjo a wata kasuwa can cikin Benin. An ce Turawa masu yawon daji ne ke kwana a ciki. In ya naɗe shi, aljihun babbar riga ma ya ɗauke shi. Direbobi da yawa suna da irinsa, wasu na buhu suka ɗinka, amma ba wanda ya kai shi tsantseni wajen ɗaurawa. Sai ya sa mota a giya, ya ja birki, ya tokare tayoyi da duwatsu. Ya zare makulli ya jefa a aljihu, don a cewarsa wanda ke kwance ƙarƙashin mota shi ya kamata ya riƙe makullinta. Sannan ya ɗaura igiyoyin a ƙarfen bodi, ya danna da hannu, ya zauna tukuna, kafin ya ɗaga ƙafa. Ba ya taɓa ɗaure shi sama. In ya kwanta, tsakanin bayansa da ƙasa bai fi taƙi ɗaya ba.

Ranar da na fara aronsa na ja igiyar ta miƙe tsam kamar ta shanya, don ni a sanina abin da aka ɗaure da kyau shi ne wanda ya yi tauri. Yana kallona yana cin goro. Ina hawa abin ya juye da ni, na ci ƙasa. Sai da ya yi dariya har ya ƙware sannan ya tashi.

"Bawana, wanga ba gadon ƙarhe ba ne," in ji shi. "Sassauta mashi, shi yi ciki. Kuma kak ka kwanta miƙe awa gawa, karkace kaɗan. Ka gani? Yanzu ko birgima kay yi ba ka hwaɗuwa."

Haka ne kuwa. Ban gode masa ba, na ce yadin ne ya gane mai daraja.

Ban san lokacin da kunnensa ya fara tafiya, jinsa yana raguwa ba, kuma wasanmu ne ya rufe mini ido. In na jefa masa magana a mota ya yi shiru, sai in ɗauka sabon salo ne na raina ni. In na kira shi bai waiwayo ba, in ce girman kai ne na ɗan namiji. Wani zuwa ma na yi ta yi masa tsiya tun daga Kaoje, yana ta murmushi yana kallon hanya, na sauka ina cewa yau na ci shi da yaƙi. Da wani ne ba taubashina ba, da tuni na tambaye shi ko lafiya.

Abin ya fito fili ne wata rana da damina. An yi ruwa da safe, ƙarƙashin motarmu ya cika da taɓo har ruwa ya kwanta. Kusa da mu akwai wata tirela ta wani direba Badende, mutumin Kamba, wanda suka daɗe da sanin juna. Tsakanin motocin biyu akwai busasshen wuri mai inuwa. Sai taubashina ya ɗaura baki ɗaya a motarmu, ɗayan a tsanin tirelar. Ba baƙon abu ba ne, direbobi suna yi. Ƙa'idar ita ce duk wanda zai tashi ya danna oda, ya bar inji ya yi ta ruri na ɗan lokaci, mai kwance ya ji ya kwance igiyarsa. Makullin motarmu yana aljihunsa. Na tirelar kuwa kunnensa ne kaɗai ke tsaronsa.

Bayan azahar na je sayo mana shinkafa da wake. Ina dawowa da kwano a hannu na ji an kira layin su Badenden. Ya tada mota, ya danna oda mai tsawo, ya sake dannawa. Ya yi duk abin da ake yi. Daga inda nake ina hango taubashina a cikin gadon lilo, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Idonsa biyu. Yana sakace da tsinke yana kallon sama, hankalinsa kwance. Na ƙwala masa kira, wasu ma suka taya ni. Bai ko motsa ba.

Tirelar ta ja. Igiyar ta miƙe, yadin ya ɗaure tsam kamar yadda na taɓa ɗaure shi, ya juye ya zubar da shi. Sai igiyar ta tsinke. Da yake ƙasa-ƙasa ya ɗaura, faɗuwar ba ta yi nisa ba, kuma ta gefen motarmu ya gangara. Tayoyin baya na tirelar suka wuce ta kan takalminsa ɗaya da ya ajiye a ƙasa. Na tsorata ƙwarai, har kwanon ya kuɓuce mini.

Mutane suka taru ana salati. Badenden ya sauko yana rantsuwa ya yi oda. Taubashina ya miƙe yana kakkaɓe riga yana dariya, ya ce barci ne ya sace shi, tuwon jiya ne bai sake shi ba. Kowa ya yi dariya aka watse.

Da muka rage mu biyu, na zagaya bayansa na ce, "Ragon direba." Ba da ƙarfi ba, yadda nake faɗa kullum. Yana ƙulla igiyar da ta tsinke, bai juyo ba. Na dawo gabansa.

"Ba barci kake ba. Na ga idonka."

Ya dubi bakina, ba idona ba. A nan na gane tun yaushe yake yin haka.

"Bawa bai shaida kan ubangidanai," ya ce, yana murmushi.

"Ba wasa nike ba."

"To ni wasa nika yi. Ɗiyana na makaranta. In anka amshe makullin ga, mi zan ci? Idona lahiya lau, hannuna lahiya lau. Ka bar shi tsakaninmu."

Na yi tunanin abin a hanyar komawa. Akwai inda yara ke tsallaka titi da awaki, akwai masu babur da ke fitowa daga bayan mota suna oda. Na lura duk bai ji su ba, madubi kawai yake ta kallo. Da muka isa Bagudo na sami yayana na faɗa masa abin da na gani, ban ƙara ba, ban rage ba. Yayana ya kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Aka ce kunnen ya yi nisa. Yayana bai kore shi ba, ya ba shi kula da sito, inda ake auna hatsi. Amma makullin mota ya koma hannun wani.

Har yau ina ganin abin da ya kamata na yi ke nan, kuma da za a sake, haka zan yi.

Bayan wasu makonni na je gidansa. Na same shi a ƙofar gida, ya ɗaura gadon lilon tsakanin bishiyar darbejiya da wani turke da ya kafa. Ƙasa-ƙasa, da ɗan ciki, ga ƙullin da ya yi wa igiyar tun ranar nan. Na tsaya inda zai ga bakina sosai, na ce, "Ragon direba, an samu abin da aka iya, kwanciya."

Na jira ya ce bawana.

Ya sauke ƙafafunsa, ya miƙe tsaye, ya gyara hula. Ya ba ni hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Malam," ya ce. "Ya iyali? Ya hanya?"

Ya sa aka kawo mini tabarma da ruwa a kofin baƙi. Muka gaisa, muka yi zancen damina da farashin taki, ya raka ni har bakin titi. Shekaru ke nan yanzu, duk inda muka haɗu haka yake gaishe ni.