Ni Na Nuna Musu Kabad Ɗin

Edita, lokacin da abin nan ya faru shekarata tara ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a nan Bronx ta birnin New York, kuma ba yabon kai ba, na iya aikina. Kullum da safe nake hawa bas daga unguwar Tremont, duk tsohon da aka haɗa ni da shi kuwa, kwana uku ya ishe ni in karance shi tsaf. Wannan ji da kai ne ya kai ni ya baro.

An tura ni wajen wata tsohuwa Bayahudiya, ta kusa casa'in, ita kaɗai a gidanta. Nan da nan jininmu ya haɗu. Ina ce mata Iya, tana tsokanata wai sukari nake sha ba shayi ba. Abu ɗaya ne ya dame ni: da an buga ƙofa da ƙarfi, ko mai kawo saƙo ne, sai ta lallaɓa ta shige kabad ɗin kaya ta ja murfi, ta yi tsit. Ran da na fara samunta a ciki, ta riƙe hannuna ta roƙe ni kada in gaya wa kowa. Ta ce in ɗanta ya ji zai kai ta gidan tsofaffi, ita kuwa a ɗakinta take so ta cika. Na ce mata to, amma ban tambayi dalili ba, don na riga na yanke cewa ruɗin tsufa ne. Sati bai zagayo ba na kira ɗan na fesa masa, har ina jin na yi abin kirki.

Bayan wata guda ya zo da ma'aikatan gidan tsofaffi biyu majiya ƙarfi. Suka buga ƙofa, na buɗe, aka duba falo da ɗaki babu ita. Ɗayansu ya tambaye ni ina take, ni da hannuna na nuna musu kabad. Da aka buɗe ba ta yi kuka ba, ba ta ko dubi ɗanta ba, ni ta kalla.

A bakin lif na sauka daga bene ɗan ya ba ni labari yana share hawaye. Tana 'yar shekara shida a Turai, lokacin yaƙin da ake farautar Yahudawa gida-gida, wani manomi ya ɓoye su a bayan bangon katako cikin rumbunsa, ita da uwarta da wanta, shekara biyu ba mai tari da ƙarfi. Maƙwabciyar da ke kawo musu madara ce ta zo da sojoji ta nuna wurin. Ita kaɗai ta tsira, don uwar ta cusa ta ƙarƙashin buhunan dankali. Ya ce ya san labarin tun yana yaro, amma sai a bakina ya ji har yanzu tana ɓuya.

Na je duba ta a gidan tsofaffin sau biyu. Ta amsa gaisuwata da mutunci, sai dai ba ta sake tsokanata ba. Wata huɗu ta yi a can ta rasu, a gadon da ba nata ba.

Ban ce a ɓoye wa iyali abin da zai cutar ba. Amma da na zauna na tambaye ta, da 'yar takarda a ƙofa cewa a kira waya kada a buga ta wadatar. 'Yan'uwana masu wannan aiki, mu da kullum muke roƙon Allah rufin asiri, in tsoho ya ba ku amanar nasa, ku tambaye shi dalili kafin ku kai gaba. Ni dai har yau in aka buga ƙofata da ƙarfi, idonta nake gani.